Wa Ke da Ikon Ce wa Mai Mulki Ya Dakata? Tambayoyi da Amsoshi kan 'Yanci da Kundin Tsarin Mulki

Tambayoyin da ke wannan shafi su ne waɗanda suka fi yawan tasowa idan ana tattauna sha'anin mulki a Sakkwato, ko a majalisar dattawa bayan la'asar, ko a tsakanin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a shirye-shiryen rediyo da masu sauraro ke bugo waya. An amsa su ne bisa tanadin kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, da kuma abin da tarihin ƙasar nan da na Daular Usmaniyya ya tabbatar.

Tambaya: Mene ne kundin tsarin mulki, kuma me ya bambanta shi da sauran dokoki?

Amsa: Yawancin dokoki hukuma ce ke yin su domin ta tsara rayuwar jama'a, amma kundin tsarin mulki an yi shi ne domin a tsara hukumar kanta, a faɗa mata abin da aka yarje mata da kuma inda ikonta ya ƙare. Sashe na 1 ya bayyana cewa kundin yana sama da kowa, yana kuma ɗaure dukkan hukumomi da mutane a faɗin tarayya, sannan duk dokar da ta ci karo da shi ta zama wofi gwargwadon saɓanin da ke tsakaninsu. Sashe na 4 ya ba majalisu ikon yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon zartarwa, na 6 kuma ya ba kotuna ikon yanke hukunci, domin kada hannun da ya rubuta doka ya zama shi ne mai kama mutum kuma shi ne mai ɗaure shi. Sashe na 14 ya ƙara da cewa iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samo ƙarfinta, kuma tsaronsu da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa ta.

Tambaya: Ashe wannan tunani na iyakance ikon shugaba ba Turawa ne suka kawo mana shi ba?

Amsa: Siffar kundin da muke amfani da shi, mai sassa da babi-babi da shugaban ƙasa mai cikakken ikon zartarwa, an aro ta ne daga Amurka a shekarar 1979, kuma babu amfanin musun haka. Sai dai asalin maganar, wato cewa mai mulki yana ƙarƙashin wata doka da ba shi ya yi ta ba kuma ba shi da ikon sauya ta yadda ya so, ya girmi zuwan Turawa Sakkwato a watan Maris na 1903 nesa ba kusa ba. A huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a, Sayyidina Abubakar ya nemi jama'a su taimake shi idan ya yi daidai, su miƙar da shi idan ya karkace, ya kuma rataya biyayyar da za su yi masa a kan biyayyarsa ga Allah da Manzonsa.

A nan gida, wannan batu yana cikin ginshiƙan da'awar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajen shekarar 1788 ya yi musu kyaututtuka, Shehu bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi abubuwa biyar, waɗanda suka haɗa da a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a saki waɗanda ke tsare, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Duk wanda ya dubi waɗannan buƙatu da kyau zai ga 'yancin yin magana, da 'yancin bin abin da mutum ya yi imani da shi, da kariya daga tsarewa, da kariyar dukiya. A littafinsa Kitabul Farƙi kuwa, Shehu ya ambaci hanyoyin zaluncin sarakunan lokacin da sunayensu, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa, wato ƙwace dabbobi ko kayan mutane ba da yardarsu ba, sannan ya lissafa ginshiƙan mulki guda biyar: kada a ba da mulki ga mai nemansa, a riƙa shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a kyautata. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin ya koya wa sababbin masu mulki iyakokinsu, kuma shi ne ya fito fili ya soki wasu daga cikin mutanen jama'arsu da ya ga sun fara karkata ga son duniya da sarauta tun yaƙi bai ƙare ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin ya nuna cewa magabatanmu ba su ɗauka cewa kasancewar mutum cikin sahun masu gaskiya ya isa ya sa a daina sa masa ido ba.

Tambaya: Idan Allah Ya ba mu shugaba adali mai tsoronSa, me ya sa za a ɗaure masa hannu da ƙa'idoji masu jawo jinkiri?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma masu yin ta galibi mutanen kirki ne da suka gaji da ganin ayyuka suna tsayawa. Amsar farko ita ce, ikon da aka ba kujera yana nan tare da kujerar bayan mai ita ya tashi. Idan aka yarje wa shugaba adali ya tsare mutum ba tare da kai shi kotu ba saboda an amince ba zai zalunci kowa ba, to wanda zai gaje shi zai tarar da wannan iko a ajiye, kuma babu wanda ya san halin magajin. Amsa ta biyu ita ce, shugaba ba shi kaɗai ke aiki da ikonsa ba. Umarnin da ya fito daga gidan gwamnati yana bi ta hannun kwamishina da sakatare da jami'in tsaro har ya isa ga ƙaramin ma'aikacin da zai tsaya a ƙofar gidan talaka, kuma tsoron Allah na mai gida ba ya bin takardar zuwa hannun kowannensu. Amsa ta uku kuwa ta shafi shugaban kansa: wanda babu mai iya ce masa a'a, sannu a hankali sai masu faɗa masa gaskiya su ragu a kusa da shi, fadawa su kewaye shi, har ya riƙa yanke hukunci a kan labarin da aka tace masa.

Ko a kwamitin ginin masallacin unguwa, ana zaɓar mutumin da aka fi yarda da amanarsa a matsayin ma'aji, amma duk da haka ana ba shi littafin shiga da fita, ana kuma sa mutum na biyu ya sa hannu kafin a fitar da kuɗi, kuma ma'ajin kirki shi ne ya fi kowa son a yi hakan domin ya kuɓuta daga zargi. Jinkirin da ƙa'ida ke jawowa gaskiya ne, yana kuma da ciwo, amma ana iya gyara aikin da ya makara, alhali ran da aka kashe ko shekarun da mutum ya yi a tsare bisa kuskure ba sa dawowa.

Tambaya: Idan 'yan sanda suka kama ni ko wani nawa, me kundin ya ba ni?

Amsa: Babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ne ya tattara haƙƙoƙin ɗan ƙasa, kuma sashe na 35 ne ya yi magana kan kamu da tsarewa. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Wajibi ne a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Wajibi ne kuma a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta cancanta a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, in ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wanda aka keɓe daga wannan ƙayyadewa. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin a biya shi diyya kuma a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa, sashe na 36 kuma ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa.

A ɗauki misalin magidanci mai rumfar atamfa a babbar kasuwar Sakkwato, wanda ɗansa ya karɓi kaya bashi ya kasa biya, ya bar gari. Mai kayan ya kai ƙara caji ofis, aka zo aka tafi da uban, aka sa shi ya cire hula da takalmi ya zauna a bayan kanta, aka ce ba zai fita ba sai ɗan ya bayyana ko an kawo kuɗin, sannan aka faɗa wa iyalinsa abin da za su kawo na beli. A wannan ɗan taƙaitaccen al'amari an karya doka sau uku. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, domin wannan hurumin kotu ne, kuma belin 'yan sanda kyauta ne. Yawancin iyalai sukan biya su yi shiru saboda gudun tsawaita wahala, kuma ba a ga laifinsu ba, sai dai kowane shiru irin wannan yana koya wa jami'in cewa iyakar da aka shata masa a takarda kawai take.

Tambaya: To 'yanci yana nufin kowa ya faɗi ko ya aikata abin da ya ga dama ke nan?

Amsa: A'a. Sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita 'yancin magana da na taro da na zirga-zirga da makamantansu saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Sharaɗin shi ne taƙaitawar ta zo ta hanyar rubutacciyar doka wadda kotu za ta iya auna dacewarta, domin ɓacin ran mai mulki ba doka ba ne. Wanda ya yi wa gwamna ƙazafi a Facebook ana iya kai shi kotu kamar yadda za a kai wanda ya yi wa kowa, amma wanda ya ce titin garinsu ya lalace ko asibitinsu babu magani bai aikata laifin komai ba.

Tambaya: Mutane da yawa suna cewa mulkin soja ya fi sauri da tsare gida. Ba gaskiya ba ne?

Amsa: Najeriya ta yi kusan shekara 29 a hannun soja, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, don haka ba sai an yi hasashe ba. Abu na farko da kowace gwamnatin soja da ta karɓi mulki daga farar hula ta yi shi ne dakatar da sassan kundin tsarin mulki, da rushe majalisa, da hana kotuna bincikar dokokinta. A 1970, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa ƙwace dukiyar mutum ta hanyar dokar soja ya saɓa wa kundin wancan lokaci, sai gwamnatin ta fitar da Doka ta 28 wadda ta soke tasirin hukuncin. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da ikon tsare mutum na wata uku ba tare da shari'a ba, ana kuma iya sabuntawa, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ci gaba da amfani da ita. A ƙarƙashin Doka ta 4 ta wannan shekara aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. An soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, an rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa 8 a Nuwamban 1995, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa kuma ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997.

Mutanen Sakkwato suna da nasu abin tunawa. Juyin mulkin farko na 15 ga Janairu 1966 shi ne ya ci ran Sardauna Ahmadu Bello. Na 31 ga Disamba 1983 shi ne ya kifar da Alhaji Shehu Shagari watanni uku da fara wa'adinsa na biyu, aka tsare shi har zuwa 1986. A watan Afrilun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, ta kai shi Zing a jihar Taraba. Ra'ayin mutane ya bambanta game da yadda ya hau gadon a 1988, kuma masu ganin an mayar wa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido haƙƙinsa ne suna da hujjojinsu, amma abin da ya shafi batunmu shi ne, a lokutan biyu magana ta ƙarshe kan gadon Shehu ta fito ne daga masu riƙe da bindiga, kuma wanda abin ya faɗa wa ba shi da inda zai kai kuka a saurare shi a lokacin. Ikon da ya iya yin haka ga Sarkin Musulmi, ba sai an tambayi abin da zai iya yi wa manomin Gada ko makiyayin Tangaza ba.

Tambaya: Amma ga halin da gabashin Sakkwato ke ciki na hare-haren 'yan bindiga. A lokacin da ake kashe mutane, ba gara a ajiye maganar haƙƙi a ba hukuma cikakken iko ba?

Amsa: Wanda ya san abin da mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suka gani ba zai yi wa wannan tambaya riƙon wasa ba, kuma gwamnatin da ta kasa kare rayuka ta gaza a aikinta na farko kamar yadda sashe na 14 ya faɗa. Kundin bai hana ɗaukar matakan gaggawa ba, ya dai gindaya musu sharuɗɗa. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, amma dole kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa ta tarayya su amince cikin kwana biyu idan suna zama, ko kwana goma idan suna hutu, kuma dokar tana faɗuwa bayan wata shida sai in an sabunta ta. Ko a cikin dokar ta-ɓaci ba a halatta azabtarwa ba, ba a kuma halatta hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi.

Yadda aka yi amfani da wannan sashe ya bambanta. A 2004 Shugaba Obasanjo ya dakatar da gwamnan Filato, a 2013 Shugaba Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa ya bar gwamnoninsu a kan kujerunsu, a Maris na 2025 kuma Shugaba Tinubu ya dakatar da gwamnan Ribas da majalisar jihar na wata shida. A wannan na ƙarshe majalisun tarayya sun amince ne ta hanyar ɗaga murya, alhali kashi biyu bisa uku adadi ne da ake ƙirgawa, kuma wannan sakaci ne da bai kamata a saba da shi ba.

Akwai kuma darasi a matakan 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan aka rufe wasu kasuwannin mako. An yi haka da niyyar toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da kayan masarufi, amma talakan da aka kawo wa hari shi ma ya rasa hanyar kiran agaji. Irin wannan mataki yana buƙatar wa'adi bayyananne da majalisar da za ta tambayi sakamakonsa, domin in babu mai tambaya, babu yadda za a san ko ya yi amfani ko ya ƙara wa mutane wahala ne kawai.

Tambaya: Me ya sa za a hana shugaban da jama'a ke so ya zarce?

Amsa: Kundin ya ƙayyade wa'adin shekara huɗu sau biyu ga shugaban ƙasa da gwamna. Dalili shi ne, wanda ya daɗe a kan mulki yakan kai matsayin da shi ya naɗa alƙalai da shugabannin hukumar zaɓe da na jami'an tsaro duka, daga nan kuma ba a iya rarrabe son da jama'a ke yi masa da tsoronsa da suke ji. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran da zai buɗe ƙofar wa'adi na uku. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, Shugaba Tandja Mamadou ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki a 2009 saboda sun ƙi tazarce, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, sai sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Da ya toshe hanyoyin da doka ta tanada na ce masa a'a, hanyar bindiga kaɗai ta rage.

Jihar Sakkwato ta ga yadda wannan ƙa'ida ke aiki. Bayan an soke zaɓen gwamna na 2007 aka sake shi a 2008, an yi gardama kan ko wa'adin zai fara ƙirguwa daga rantsuwa ta biyu. A Janairun 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wa'adin gwamnoni biyar, har da na Sakkwato, ya ƙare tun Mayun 2011. Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko ya sauka, kakakin majalisa ya riƙe, aka yi zaɓe a Fabrairu, ya sake lashewa ya dawo ta hanyar ƙuri'a.

Tambaya: Ina amfanin majalisar da ta zama 'yar amshin shata?

Amsa: A rubuce ikonta babba ne. Sashe na 120 ya hana a fitar da ko sisi daga asusun jiha sai da dokar da majalisa ta zartar, sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda ake kashe kuɗin, kuma a gabanta ake ajiye rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha. Tana da ikon tsige gwamna bisa sashe na 188. A majalisa mai kujeru 30 kamar tamu, mutum 10 ne za su sa hannu a takardar zargi, 20 su amince a yi bincike, babban alƙalin jiha ya naɗa kwamitin mutum 7, sannan 20 su sake amincewa da rahoton. An tsaurara matakan ne domin ita ma majalisa tana iya zalunci. An tsige Alhaji Balarabe Musa a Kaduna a Yunin 1981 a hannun majalisar da jam'iyyar adawa da shi ta fi rinjaye a cikinta, a 2006 kuma kotuna suka mayar da gwamnan Oyo Rashidi Ladoja saboda an tsige shi ba bisa ƙa'ida ba.

Raunin majalisun jihohi a yau yana da sanannen tushe: sau da yawa gwamna ne ke da ta cewa kan wanda jam'iyya za ta tsayar, don haka ɗan majalisa yakan ji tsoron gidan gwamnati fiye da mazaɓarsa. Mu ma masu zaɓe muna da hannu, domin muna auna wakilinmu da buhunan shinkafa da baburan da ya raba, ba mu cika tambayarsa ko ya karanta kasafin kuɗin da ya amince da shi ba. Akwai damar yi masa kiranye a sashe na 110, amma tana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, sannan a yi ƙuri'a, abin da ke da wuyar cimmawa.

Tambaya: Rigar kariya ba ta sa gwamna sama da doka ba?

Amsa: Sashe na 308 ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu muddin suna kan kujera, amma bai hana a bincike su ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar, kuma rigar tana cirewa ranar da wa'adi ya ƙare. An ɗaure tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba a 2018, ko da yake an yi musu afuwa a 2022, matakin da ya rage wa hukuncin kwarjini a idon jama'a.

Tambaya: Idan gwamnati ta ƙi bin umarnin kotu fa?

Amsa: Kotu ba ta da soja ko ɗan sanda nata, saboda haka dukkan ginin yana tsaye ne a kan yardar mai ƙarfi ya bi hukuncin da bai yi masa daɗi ba. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta kai shi Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta ce an keta haƙƙinsa, ya dawo gida. Gwamnatin ɗan jiharmu Shagari ce ta yi wannan kuskure, kuma faɗin haka wajibi ne, kamar yadda ya wajaba a faɗi cewa a zamaninta kotu ta iya warware shi. A ɗaya ɓangaren, Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya zauna a tsare daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019 duk da belin da kotuna suka ba shi da hukuncin kotun ECOWAS na 2016. Tuhumar da ake yi masa mai nauyi ce, kuma daidai ne ya amsa ta a gaban alƙali, amma mutane da yawa sun yi shiru a kan ƙin sakinsa saboda sun riga sun yanke masa hukunci a zukatansu. A irin wannan wuri ne ake gane wanda ya yarda da doka da gaske, wato lokacin da ta kare mutumin da ba ya so, domin gwamnatin da ta saba zaɓar hukuncin da za ta bi ba za ta tsaya a kan manya kaɗai ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambaya: Kundin da soja suka bar mana ya cancanci wannan girmamawa kuwa?

Amsa: Sukar tana da tushe. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi ta Doka ta 24 ta 1999, ba a kai shi gaban jama'a sun kaɗa ƙuri'a ba, ko da yake mafi yawansa an ɗauko shi ne daga na 1979 wanda majalisar tsara kundi ta tattauna. Ya tara iko da yawa a Abuja, ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, kuma alkawuran babi na biyu kan ilimi da lafiya da walwala ba a iya kai ƙara kotu a kansu kai tsaye. Amma yana da ƙofar gyara a sashe na 9: kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, sai dai abin da ya shafi babi na huɗu ko sashe na 8 ko na 9 ɗin kansa, wanda ke buƙatar kashi huɗu bisa biyar. Ta wannan ƙofa aka rage shekarun tsayawa takara a 2018, aka kuma ba jihohi dama a harkar lantarki da jirgin ƙasa a 2023. Haka nan Kotun Ƙoli ta dogara da shi ranar 11 ga Yuli 2024 ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓun shugabanni da kantomomi, hukuncin da ya shafi ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, kuma aiwatar da shi abu ne da ya kamata jama'a su riƙa bibiya.

Tambaya: Ni talaka ne, ba ni da kuɗin lauya. Ina zan kai kukana?

Amsa: Sashe na 46 ya ba duk wanda aka keta wa haƙƙi, ko ake shirin keta masa, damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru, kuma ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ke tsare. Hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya an kafa ta ne saboda marasa hali, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke ba tare da biyan kuɗi ba, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a kuma tana duba zaluncin ma'aikatu, irin su riƙe haƙƙin ɗan fansho. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukumar tarayya a rubuce, a amsa masa cikin kwana 7. Abin da ya fi taimaka wa lauya ko jami'in da zai karɓi koken shi ne bayani tsararre, don haka tun daga ranar farko a rubuta kwanan wata da lokacin da aka yi kamun, da sunan ofishin da aka kai mutum, da waɗanda suka shaida, a kuma adana kwafin duk takardar da aka bayar ko aka karɓa.